Wa Ya Kashe wa Kulu Ƙafafu?

Da hantsi wani a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda na Gaya, da maijego kwance a kujerar baya. Sufeto Kamila ta leƙa, ta yaye zanen da aka rufa wa matar, ta mintsini babban yatsan ƙafarta da ƙarfi. Matar ba ta ko motsa ba. A gefenta ƙanwarta Hussaina na rungume da jariri, hannunsa na dama ya zube a jikinsa, tafin ya juya baya.

"Ba ta ji, ranki ya daɗe," inji wani dogon mutum da ke tsaye yana huci. "Daga ƙugu zuwa ƙasa an kashe ta. Ga wadda ta yi nan."

Ya nuna wata tsohuwa da ke tsugune a jikin taya. Shi ne Abdulmumin, manomin Gafasa, mijin Kulu mai jegon. Tsohuwar kuwa Hure ce, uwar da ta haifi Kulu, wadda ta taso daga Toranke don yi wa 'yarta wankan jego. Kamila ta daɗe a aikin nan, ta ga ɗa ya kai ubansa ƙara a kan gona, amma ba ta taɓa ganin suruki ya nuna surukarsa da yatsa a bainar jama'a ba. Nan take ta ji mutumin ya fita daga ranta.

"Wa ya gaya maka ita ce?"

"Dakta da bakinsa. A asibitinsa aka yi mata tiyata aka ciro yaron. Yanzu daga can muke. Ya ce tafasasshen ruwa ne ya dafa mata jijiya, yaron kuma garin wanka aka murɗe masa hannu. 'Ya'ya biyu na binne kafin wannan. Wallahi sai kotu ta raba mu."

Kamila ta juya ga tsohuwar. "Iya, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji, 'yar nan." Hure ba ta ɗago ba. "Ruwan ya yi zafi. Haka aka yi min, haka na yi mata. In an ce ni ce, to ni ce."

An shigo da ƙara, mai laifi kuma ta amsa. Ba yadda Kamila ta iya, ta sa aka zaunar da Hure a bayan kantar ofishin, ta tura Kulu da jaririn asibitin gwamnati. In ba a sami wata magana ba, kotu za a kai tsohuwar, kuma har ta mutu sunanta wadda ta nakasa 'yarta da jikanta. Abin bai kwanta wa Kamila ba. Ita ma an yi mata wankan nan, an zaunar da ita a kan turmi an fyaɗa mata ganyen darbejiya har fatarta ta saluɓe, ga ta kuma tana yawo da ƙafarta.

Asibitin da aka yi tiyatar, na Dakta Badaru, gida ne mai shuɗin fenti a bakin titi, irin wanda allonsa ya fi ɗakunansa girma. Likitan ya bar ta a tsaye ya gama waya tukuna.

"Kai ka yi wa Kulu tiyata?"

"Akwai wani likita a nan bayan ni?"

"Tambayarka na yi."

"Ni na yi. Allurar ƙashin baya na yi mata, ƙasanta ya mutu, na ciro yaro lafiya lau. Da ƙafarta ta fita daga nan. Sun je ƙauye sun dafa ta kamar kaza, yanzu kuma 'yan sanda za su zo su koya min aikina."

"Wa ke tare da kai a ɗakin?"

"Nas ɗina, Naja'atu."

Aka kira Naja'atu. Duk abin da aka tambaye ta sai ta dubi likitan tukuna, sannan ta ce haka ne. Kamila ta fito ranta a ɓace. A bakin ƙofa wani saurayi mai farar riga da ke zaune a tagar ba da magani ya bi ta da kallo, da suka haɗa ido ya sunkuya yana jera kwalabe.

Ta nemi mai a-daidaita-sahun a tasha. Kawu ne sunansa, shi ya kai Kulu asibitin, shi kuma ya mayar da ita Gafasa bayan sallama. Da farko ya ɗauka za a ɗora masa laifin ramukan hanya ne, ya fara rantse-rantse.

"Ba kai nake nema ba. Ranar sallama, da ƙafarta ta shiga keken?"

"Wace ƙafa? Mu uku muka cicciɓo ta kamar buhun gero. Cewa suka yi allura ce ba ta sake ta ba, a hankali za ta warware."

Ke nan tun kafin Hure ta ɗora tukunya a murhu ƙafafun sun riga sun mutu. Likita ya yi ƙarya. Sai dai maganar direba ba za ta ka da ta likita a gaban alƙali ba, Kamila ta san wannan sarai.

Washegari ta je asibitin gwamnati. Likitar da ke duba Kulu ta juya ta a hankali, ta nuna wa Kamila gadon bayanta. Tabon allura ne a jere, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Wannan allurar can ƙasa ake yin ta, wajen ƙugu, inda lakar gadon baya ta ƙare," inji likitar. "Dubi inda aka soka. A sama ne, a kan lakar kanta, kuma lalube aka yi ta yi. Hannun yaron ma ba na wanka ba ne, fizgo shi aka yi wajen cirowa, jijiyar kafaɗa ta yage. Ban yarda wanda ya saba aikin nan zai yi haka ba."

Dakta Badaru, duk girman kansa, shekara da shekaru yana yanka mata a garin nan ba a taɓa jin haka ba. Kamila ta ja kujera kusa da gadon.

"Kulu, kin ga fuskar wanda ya yi miki aikin?"

"Takunkumi ne a fuskarsa, da hula." Muryar Kulu a dashe take, idonta a bushe. "Da ya soka na ji kamar wutar lantarki ta tsarga min har tafin ƙafa. Na yi ihu, ya ce in yi masa shiru. Ke, ina kuka kai min uwata? Ku sake ta. Mutumin can da ya kai ta, kada ya ƙara shigo min nan."

Jaririn ya tsala kuka. Hussaina ta ɗauke shi tana jijjigawa. "Yi shiru, Likita. Yi haƙuri, Likitanmu."

"Likita kuke ce masa?" inji Kamila.

"Takwara aka yi wa likitan," inji Hussaina. "Ba ma son kama sunan gatsal, sai muke sakayawa."

"To, Badaru ke nan."

"Wane Badaru? Sunansa Muntasir."

Kamila ta dubi Kulu.

"Ni na yi alkawari," inji Kulu. "Idona biyu ana aikin. Biyu sun mutu a cikina, da na ji kukan wannan sai na ce, likita, don Allah mene ne sunanka, shi zan roƙa a sa masa. Ya yi dariya ya faɗa min. Na gaya wa ubansa, ya yi masa huɗuba da shi."

"Ba wanda ya ce muku mai asibitin ba haka sunansa yake ba?"

"Kowa Dakta yake cewa. Mu mun karanta allon asibitin ne?" Hussaina ta taɓe baki. "Ai har kayan barka ya aiko ranar suna. Turmin atamfa da sabulu da rigunan jarirai. Kawu ne ya kawo, ya ce inji takwara."

Da la'asar Kamila ta koma gidan mai shuɗin fenti, da ɗan sanda guda, da Kawu, da Abdulmumin yana biye yana cin magani, don ba ta gaya masa komai ba. Ta sa aka tara ma'aikatan a ɗakin jira, a gaban marasa lafiyar da ke layi.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne?" inji Dakta Badaru. "Zan kira lauyana."

"Kira shi. Kawu, wa ya ba ka kayan barka ka kai Gafasa?"

Kawu ya nuna saurayin tagar magani. "Ga shi nan. A bayan asibiti ya ba ni, ya ce kada Dakta ya ji."

"Malam, mene ne sunanka?"

Saurayin ya ce, "Muntasir."

Abdulmumin ya juyo a hankali ya dube shi.

"Kai wane ne a nan?"

"Ƙanen matar Dakta ne ni. Ina kula da magani."

"Kana da takardar aikin likita?"

"Na yi makarantar kiwon lafiya."

"Ka gama?"

Ya girgiza kai.

"Me ya haɗa mai ba da magani da sunan jaririn Gafasa, har da atamfa?"

"Tausayi ne kawai."

"Mata nawa ke haihuwa a nan? Duk kana bin su da tausayin?" Kamila ta juya ga nas. "Naja'atu, ban ce ki dubi Dakta ba, ni za ki duba. Matar nan ba za ta iya riƙe ko fitsarinta ba. Uwarta na tsare a wajena. In kika sake ce min haka ne, tare zan kai ku."

Naja'atu ta fashe da kuka. "Dakta yana Kano ranar, wajen ɗaurin aure. Na ce a tura su babban asibiti. Ya bugo waya ya ce kada a bar su su tafi, Muntasir ya sha ganin yadda ake yi. Na ce masa ya yi sama da allurar, ya daka min tsawa."

"Munafuka!" inji likitan.

"Kai ne babban munafukin," inji Kamila, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ka ce da ƙafarta ta fita, direba ya ce ɗaukar ta aka yi, nan na san ba ruwan zafi ba ne. Tabon bayanta ya nuna ba hannunka ba ne, hannun ɗan koyo ne. Abin da ya rage min shi ne na wane ne. Ka rufe bakin nas, Muntasir ya sa takunkumi ba wanda ya ga fuskarsa, ka sami tsohuwar ƙauye ka jingina mata laifin don ka san ba za ta yi musu da likita ba. Abin da ba ka lissafa ba, ƙanen matarka ɗan garin nan ne. Mace ta ce za ta yi masa takwara, ba zai iya cewa a sa sunan wani ba. An yi masa kuma, kunya ba za ta bar shi ranar suna ta wuce bai aika da komai ba. Har ya manta satar aikin ya yi."

Muntasir ya zame ya zauna a ƙasa. "Na ɗauka za ta warware," ya yi ta maimaitawa. "Wallahi yaron da rai na ciro shi."

Abdulmumin ya yi kansa, sai da ɗan sanda da Kawu suka rirriƙe shi. "Sunanka na raɗa masa a kunne!" yake ihu. "Na yanka rago da sunanka!"

Kamila ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ta sa aka buga wa likitan da ƙanen matarsa ankwa ɗaya, aka fita da su ta gaban layin marasa lafiya.

Kafin magariba ta buɗe wa Hure ƙofar kantar da hannunta. Tsohuwar ba ta taɓa abincin da aka ajiye mata ba. Kamila ta tsuguna ta yi mata bayani dalla-dalla, allurar, da tabon, da wanda ya yi. Abdulmumin yana durƙushe a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana cewa Inna ki yafe min. Hure ba ta ko dubi inda yake ba.

"Ba ruwana ba ne ke nan," ta ce.

"Ba ruwanki ba ne, Iya. Ba ki yi komai ba."

Kamila ta zaci za ta ga sauƙi a fuskarta. Sai ta ga tsohuwar ta ƙara tsukewa.

"To wannan lakar da aka soka, tana haɗewa?"

Kamila ta yi wa mutane da yawa ƙarya a ɗakin nan don ta sami gaskiya, amma wannan ta kasa. "Za a kai ta Kano a gwada. Likita ta ce kada mu sa rai sosai."

Hure ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ni da nake zaune a nan, addu'a nake Allah ya sa ni ce," ta ce. "Na ce in ruwana ne, ƙuna ce. Ƙuna na san maganinta."

Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ratsa ta gefen surukinta ta fita titi tana tambayar hanyar asibiti.