Wata Uku Ba Lasin

"Ki ba ni takardar nan in sa hannu cewa ni na tuƙa, Shanae. Kyamarar daga baya ta ɗauki motar, wa ya ga fuskarki?"

Na ƙara danne takardar a kan teburin kicin. Brodie na tsaye bakin ƙofa, ƙarnin tumakin da ya wuni yana yi wa aski bai ko bar jikinsa ba.

"Ni na tuƙa," na ce.

"Na sani, masoyiya. Amma za a karɓe miki lasin wata uku. Wa zai kai Baba wankin ƙoda?"

Sau uku a sati nake kai Baba Dubbo daga nan Nyngan, tafiyar awa biyu. Ranar da abin ya faru an makara kafin a sa shi a na'ura, muka fito rana ta yi ƙasa. Kowa a garinmu ya san da magariba kangaru, manyan dabbobin dajin nan masu tsalle, ke cika titi, ɗaya ya ishe ka ka rasa mota, ka karya wuya. Sai na taka mota don in riga duhu zuwa gida. Na tsere wa kangaru, kyamara ta kama ni.

"Rantsuwa ce fa za ka yi kan ƙarya," na ce. "In an gano, ɗauri ne."

"Saboda ke..."

"Kar ka ce saboda ni."

Tarin Baba muka ji daga falo. Shekara biyu muna tare da Brodie, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "ɗan askin nan". A ganinsa mai bin tumaki gari-gari ba ya riƙe gida.

Baba ya tako a hankali yana dafa bango.

"Ni na ce ta ƙara gudu," ya ce. "Ba wanda zai yi rantsuwar ƙarya a kan ƙodata. Zan koma ɗakin marasa lafiya a Dubbo har wata ukun su wuce."

Na san abin da hakan ke nufi. A ɗakin nan Mama ta rasu, ko ta ƙofarsa Baba ba ya yarda mu bi.

Brodie ya cire hularsa.

"Litinin, Laraba, Juma'a ko? Zan zo ƙarfe bakwai in kai ka."

"Ba jibi ayarinku na masu aski zai tafi Queensland ba?" na ce.

"Su tafi. Tumaki ba sa ƙarewa."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ba na son surutu a mota."

"Ni ma haka, Baba."

A satin farko na bi su ina kujerar baya, ba wanda ya ce uffan. A na uku na ji suna musu kan karnukan kiwo. Daga baya Baba ya ce in riƙa zama gida, wai ina cika musu mota.

Ranar da lasin ya dawo na ɗauki makulli da murna. Baba na zaune a baranda, jakarsa a cinya, idonsa a kan hanya.

"Ki huta, 'yata. Brodie na zuwa."

Na tsaya cak, makullin a hannuna.

"Ke kuma," ya ce ba tare da ya juyo ba, "ki daina ja wa yaron nan rai. Ku sa rana tun ina da ƙafar da zan raka ki."