Takarda Marar Suna a Akwatin Addu'a

Na sake karanta takardar.

"Ku yi mini addu'a. Akwai abin da na ɓoye wa wadda zan aura."

Babu suna. Amma ko cikin dubu zan gane rubutun nan. Na Malamina ne, mai koyar da Littafi Mai Tsarki a cocinmu, wanda saura mako uku a ɗaura mana aure!

Ni ce sakatariyar coci. Duk Litinin nake buɗe akwatin roƙon addu'a, in buga takardun a kwamfuta, in yayyaga na hannun don kada a gane masu su. Na yi wa Fasto alkawari ba zan taɓa tayar da maganar abin da na gani ba, ko da ga mai takardar ne.

To me ya ɓoye mini? Mace ce? Ciwo ne? Ko ɗa gare shi a waje?

Kwana huɗu ina bin sa da ido. Ko dariya ya yi a waya, sai in kasa kunne. Shugabar mawaƙa, wadda kowa ya san ta daɗe tana son sa, ta tare ni a bakin ofis.

"Amarya, kin rame fa! Na ga Malam ya daina zama taron addu'a. Ko ina yake zuwa? Oho..."

Gwaggona kuwa dama ba ta yi na'am da shi ba. "Masu shiru-shirun nan ki ji tsoronsu, 'yar nan. Ni dai na faɗa."

Ranar Juma'a haƙurina ya ƙare. Na same shi shi kaɗai a aji yana goge allo.

"Wace ce?"

"Wa fa, abar ƙaunata?"

"Riƙe ƙaunarka! Na ga takardarka."

Ya dube ni. "Alkawarinki da Fasto fa?"

"Na karya! Faɗa mini."

Ya zauna a benci.

"Babu mace. Wata shida ina azumi da addu'a a kan Mama, ta rasu. Tun ranar na kasa addu'a. In na durƙusa, ji nake da bango nake magana. Ina tsayawa a nan ina koya wa mutane cewa bangaskiya tabbaci ne na abin da ba a gani, ni kuwa ban tabbata da komai ba. Ke kuma mai bi kike so ki aura..."

Kunya ta rufe ni. Ni mai taƙama da bangaskiya, layi biyu sun sa na mai da shi maci amana.

"Tsakaninka da Allah, ka daina gaskatawa ne?"

"Ban sani ba. Ina so in gaskata."

"Mutumin nan da ya kawo wa Yesu ɗansa, yana roƙo a taimaki rashin bangaskiyarsa, korar sa aka yi?"

"A'a."

"To ni wace ce da zan kore ka?" Na kama hannunsa. "Ni zan yi addu'ar, kai dai ka ce amin."

"In amin ɗin ya ƙi fitowa fa?"

"Sai in jira."

Amin ɗin bai fito ba ranar. Bai fito daga bakinsa ba ranar aurenmu, Gwaggo tana harararsa daga layin gaba. Akwai ranakun da na shige ɗaki na yi kukana, ba zan ɓoye ba.

Sai wata safiya, bayan wata bakwai, ina sauri na makara, na rattaba addu'ar abinci na miƙa hannu zan ɗauki cokali.

A hankali na ji ya ce, "Amin."