Kumburin Idon Auta

Auta ta shigo gidansu da sallama, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar mai ciwon haƙori. Amma wa ya isa ya ɓoye wa Umma abu? Ko zama ba ta yi ba aka fizge mayafin.

"Innalillahi! Me ya sami idonki?"

"Ƙofa ce ta buge ni, Umma."

"Ƙofa? Wancan karon ma ƙofa ce ta fasa miki gwiwa. Ƙofofin gidan naku bin mutane suke da duka?"

Gaskiyar magana, ƙwallon hoki ce. Tun tana makaranta Auta ke wannan wasa da ake kora 'yar ƙwallo mai taurin dutse da lanƙwasasshiyar sanda, har ta zama kyaftin. Da aurenta ya matso, Umma ta sa ta yi alƙawarin dainawa. Ta daina kuwa, sai ta bi ta rame, dariya ma ta gagare ta. Mijinta, wani tela mai sanyin hali, shi ya zaro sandar daga ƙarƙashin gado ya ce, "Koma fili, ba na son ganinki haka." Ta koma atisaye, ta kuma roƙe shi kada kowa ya ji a gidansu.

To, Umma dai ta gama yanke hukunci. Ta buga wa babban ɗanta waya, makaniken nan da zuciyarsa ke kusa. Ba a jima ba sai ga Yaya ya taso ƙeyar Tela daga shago, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, kwalar riga a yage.

"Kai ka dake ta?" in ji Yaya.

Tela ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, Yaya," abin da ya ce ke nan.

"Kun ji ko! Ya amsa!" Umma ta fashe da kuka. "Ba za ta koma ba. Sakar min 'yata yanzun nan!"

Nan fa Auta ta ga aurenta na shirin mutuwa a gabanta, ga bawan Allah tsaye ana ci masa mutunci saboda ita.

"Umma, wallahi ba shi ba ne! Ni ce — hoki na koma. Ƙwallo ce ta tashi ta same ni."

Umma ta juyo ta dube ta.

"Ba dukanki yake ba?"

"Ko tsawa bai taɓa yi min ba. Shi yake gasa min ƙafa in na dawo."

Umma ta zauna daɓas, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, tana hawaye tana dariya. "Alhamdulillahi! Tun ranar da na ga gwiwar nan abinci ya daina min daɗi, ina cewa azzalumi na bai wa 'yata. Ashe wasan sanda ne! Ja'irar yarinya, ki je ki yi ta yi. Mijinki ya yarda, ni wace ce?"

Yaya kuwa sai kame-kame, yana ta gyara wa Tela kwala. "Kai ma ka cika zurfin ciki, Malam. Me ya hana ka magana?"

"Alƙawari na yi mata. Kuma na san ba za ta bari a raba mu ba."

Wannan maganar ta fi ƙwallon yi wa Auta zafi, don ita ta san saura ƙiris tsoro ya rufe mata baki. Ta durƙusa a gabansa, ya ɗago ta, suka kama hanyar gida hankali kwance.

'Yan mata, ku ji da kyau. Abin da kika ɓoye wa mahaifiyarki, ba ke kaɗai za ki ɗauki nauyinsa ba. Wanda ya fi ƙaunarki shi zai fara shan wuyarsa.