Alawa a Cikin Safar Hannu

An yi wani yaro, shi ne mai tsaron raga a makarantarsu. Abokansa na kiransa Ƙyaure, don in ya tsaya ƙwallo ba ta shiga.

Aibinsa ɗaya, rowa. In Baba ya kawo alawa, sai ya cusa tasa cikin safar hannunsa ta wasa, don kada ƙanwarsa ta gani.

"Yaya, ɗan san mini mana."

"Ta ƙare," in ji shi, yana lashe baki.

Wata rana wayar shinge ta karce masa tafin hannu. Bai wanke ba. Alawar kuwa ta narke cikin safar, ta yi danƙo. Haka yake zura hannu kullum, ya yi ta gumi.

Saura kwana biyu wasan cin kofi, hannun ya kumbura suntum, yana zugi. Mama ta kai shi asibiti, har da safar.

Likita ta leƙa cikin safar, ta girgiza kai.

"Ɗana, fatarka tana da masu gadi. Maiƙonta da guminta suna kashe ƙwayoyin cuta. Kai kuwa ka bar ciwo a buɗe, ka kuma ciyar da ƙwayoyin da sukari. Suka ci suka ƙoshi, suka yi yawa, suka fi ƙarfin masu gadi."

"Amma zan yi wasa jibi, ko?"

"Da wannan hannun? Ko cokali ba za ka riƙe ba."

Ranar wasa ya zauna a benci, hannu a naɗe. Yana kallo aka zura musu ƙwallo uku. Kofi ya tafi wata makaranta. Kyaftin ya wuce ta gabansa, ya ce, "Ƙyaure, yau kam a buɗe ka bar mu."

A gida ya kasa cin abinci. Ƙanwarsa ta ɗauki cokali tana ba shi a baki. Da ya gama, ta ciro alawarta guda ɗaya tak, ta raba biyu.

"Ungo, Yaya. Tawa ba ta ƙare ba."

Sai hawaye suka zubo masa.

Bayan mako biyu hannun ya warke, ya koma raga. Tun daga ranar, ko ƙaramin ciwo sai ya wanke da sabulu, safar ma haka. Alawa kuwa da ƙanwarsa yake sha.

Yara, ku wanke ciwo tun yana ƙarami, ku kuma guji rowa.