Tantin Bakin Dutse

Ni da mijina Malachy muna ba masu yawon hutu hayar tantuna a gonarmu da ke gaɓar teku a yankin Mayo, tantuna masu gado da murhu har da bargon ulu. Malachy ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Wani dare a ƙarshen bazara, ana tsuga ruwa, wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tsohon mayafi ne a kanta, tana warin gishiri da ciyawar teku.

"Babu wuri," in ji Malachy. "Ki gangara bakin teku ki kwana da kifaye."

"Ba wuri nake nema ba, ɗana," ta ce. Muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa. "'Yata na zo ɗauka. A wane tanti take?"

Ya tuntsure da dariya, ya nuna mata na can bakin dutse, don ta sha tafiya cikin taɓo a banza. "Tana can, Iya. Ki kwashe ta, na ba ki kyauta."

"Ka ba ni?"

"Na ba ki!"

Ta yi godiya ta juya. Ina kallonta a hasken fitila, sai na ga taɓon ba ya lotsawa a ƙarƙashin ƙafafunta.

"Malachy," na ce, "Dervla fa can ta ce za ta kwana, tunda baƙin da ke ciki sun tashi."

Dervla ita kaɗai muka haifa. Muka ruga babu takalmi. Tantin a zuge yake ta ciki. Da Malachy ya yage shi, babu kowa a ciki, gadon sharkaf yake da ruwan teku, matashin kan kuma da sauran ɗuminsa.