Jirgin Ruwan Gidiyon

"Ki maida mishi kayanshi, Dabora!"

Baba ya jefo ƙunshin zannuwan baikon tsakar gida, kaji suka watse.

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji..."

"In ji mi? Mutum ya saida shanun noma biyu ya sayi jirgin ruwa, yana zamne nan Korgom, inda ko rijiya ta ƙahe! Ni dattijon majami'a ne, ba ni ba da ɗiyata ga mahaukaci."

Dabora ta durƙusa ta tattara zannuwan tana kuka.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, fari ya riga ya cinye rumbuna. Masoyinta Gidiyon manomi ne, tun da aka haife shi bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Tasawa ba. Amma ya ji labarin Tafkin Chadi, wai can kifi har ana shanya shi a ƙasa. Sai ga Musa ɗan Auta, ɗan kasuwa kuma ɗan majami'arsu, ya nuna masa wani tsohon jirgin katako da wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya bari a gidansu na Tasawa. Jirgi ne mai filafili, wato babban ƙyallen nan da iska ke bugawa ta tura shi. Ya sha sabon fenti shuɗi, sai walƙiya yake.

Gidiyon kuwa, Allah ya ba shi zuciya mai kyau ya hana shi zargi. Ya zagaya jirgin ya shafa shi, ya miƙa wa Musa igiyar shanu.

Ranar da Baba ya maida kayan, Gidiyon ya sami Dabora a bakin rijiya da yamma.

"Dabo, tauraruwata, ki yi haƙuri da Baba. Soja sun kwashe duk kamiyo, manyan motocin nan, suna jigilar dawar taimako. Da na samu mota, sai Chadi. In bi tsibiri tsibiri, in dawo miki da kihi buhu-buhu!"

"Ka iya tuƙa shi?"

"Iska ka tuƙa shi, ni dai in zamna."

Ta yi dariya duk da hawayen, don wallahi tana son wannan wawan nata.

Ran kasuwar Tasawa ta ce bari ta je ta ga abin da ya raba ta da aure. Jirgin yana kwance a gindin bangon gidan su Musa, ba kowa a wurin. Dabora ba ta san jirgi ba, amma ba ta taɓa sayen tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta lanƙwasa yatsa ta buga.

Fuf.

Ta sake bugawa ta ƙasa. Yatsanta ya shige ciki! Garin katako ya zubo mata a tafin hannu, da ɓarɓashin laka. Gara ta gama da jirgin, an cika ramukan da laka an shafe da fenti.

Da Gidiyon ya shiga tsakiyar Chadi da wannan abu...

"A'a, Dabora! Yau ke ce a gidanmu?"

Musa ne, cikin shadda mai sitaci, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa don neman hatsi.

Ta ɓoye hannunta cikin mayafi, ta yi masa murmushin da bai taɓa samu ba.

"Na ji Baba ya maida kayan baiko," in ji shi yana matsowa. "Ni hwa tun muna ajin baftisma nike sonki. Ki manta da wancan. Wanda ya tahi Chadi, dawowarshi sai Allah."

Ya faɗa yana lumshe ido, har da ɗan murmushi. A nan ta gane ba shanun kaɗai yake so ba.

Tun daga ranar Dabora ta daina kuka. Ba ta gaya wa Gidiyon ba, don ta san halinsa. Zai je ya riƙe hannun Musa ya ce ya yafe, a yi addu'a, shanu su tafi a banza. Ita kuwa ba ta da niyyar yafewa ko kaɗan. So take ta ga Musa a ƙasa, a gaban duk wanda ya san sunan ubansa.

Ta fara karɓar sabulunsa da turarensa. Baba har ya fara sakin fuska. Gidiyon ya tare ta bayan sujada, idanunsa jawur.

"Dabo... gaskiya ne abin da aka hwaɗi?"

"Ka bar ni, Gidiyon."

"Ki dube ni mana, rabin raina!"

Ta wuce ba ta waiwaya ba, sai da ta sha kwana ta jingina da bango tana cije leɓe.

Ana haka Allah ya sako ruwa. Ya yi ta zuba har tafkin Tasawa ya cika ya tumbatsa.

"Musa," ta ce masa cikin shagwaɓa, "mutane na cewa ruɓaɓɓen jirgi ka saida."

"Wa ya ce? Ƙarya ne!"

"Ni ma haka na ce. To ka rufe musu baki. Ka shiga shi a tafki ran kasuwa, kowa ya gani. Ranar zan ce ma Baba kai na zaɓa."

Ya yi lissafi a ransa. Bakin tafki bai wuce gwiwa ba, zai ɗan taɓa ruwa ya fito.

"An gama, gimbiya."

Dabora ta bi gida gida tana ba da labari, har ta tabbata ya kai kunnen matar kumandan, sojan da ke riƙe da garin.

Ran kasuwa bakin tafki ya cika maƙil. Kumandan na zaune kan kujera, jandarmomi a bayansa. Can gefe Bube makiyayi da 'yan'uwansa na shayar da ragowar shanunsu. Aka jawo jirgi a amalanke aka tura shi ruwa. Musa ya shiga yana ɗaga wa jama'a hannu.

Sai wani ya keto taron a guje.

"Jirgina ne! Ka ɗauke mini Dabo, ba ka ɗauke mini shigar hwarko!"

Gidiyon!

Kafin ta buɗe baki ya faɗa ciki, ya fizgi igiya. Filafili ya buɗe, iskar damina ta cika shi, jirgi ya zabura tsakiyar tafki.

"Gidiyon, a'a! Ka hito!"

Ina zai ji? Murna yake, yau ga shi a kan ruwa. Daga shi har Musa ba wanda ya san yadda ake juyawa.

Laka ta jiƙe ta fara zubewa. Ruwa ya kunno ta ƙasa.

"Ka tsaida shi!" Musa ya kurma ihu. "Za mu mutu! Gara ta cinye shi, laka ce na liƙa! Wayyo jama'a, laka ce!"

Duk bakin tafki an ji. Kumandan ya miƙe tsaye.

Dabora ba ta tsaya jin daɗin abin da ta daɗe tana jira ba. Ta yar da mayafi ta afka ruwa tana kiran sunan Gidiyon, har ruwa ya kai mata wuya, ga shi ba ta iya iyo ba. Jirgi ya dare biyu. Bube da mutanensa suka shiga da igiyoyin shanu. Suka fara jawo Dabora, sannan suka jawo Gidiyon, wanda ya ƙi sakin wuyan rigar Musa har suka iso gaci.

Jandarmomi suka karɓi Musa daga hannunsa, shadda duk taɓo, hula ta tafi.

Gidiyon na kwance yana aman ruwa. Ta rungume kansa a gaban Baba da kowa.

"Kin sani?" ya ce da ƙyar.

"Na sani."

"Shi ya sa kika..."

"Shi ya sa, masoyina. Ka yahe mini."

"Na yahe. Shi ma Musa sai mu..."

"Kai ka yahe mishi. Ni ban yahe ba!"

Kumandan ya sa aka maido shanun a ranar, Musa kuma aka wuce da shi gidan kaso. Baba ya yi ta gyaran murya a hanyar Korgom, daga ƙarshe ya ce yaron dai wawa ne amma ba mugu ba, a dawo da kayan baiko.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Dabora ta sa an tsamo katakon jirgin daga tafki an shanya, da shi aka hura wutar tuwon biki. Da aka sauke tukunyar farko ta zuba malmala biyu a akushi, ta sa miya har da nama, ta miƙa wa ƙawarta Alheri.

"Ki kai ma Musa gidan kaso."

Gidiyon ya yi murmushi. "Ashe kin huce, Dabo."

"Ki tsaya sai ya cinye tas," in ji amarya tana gyara ɗaurin kallabi. "Sannan ki ce mishi da jirginshi aka dahwa."