Ƙasar Gonar Tafinta

Ranar Laraba, gab da magariba, na sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin benenmu a Rillieux-la-Pape, tsintsiya a hannu, ledar kanti a aljihu. Ƙasa zan kwashe. Ni Mu'awiya, direban bas a Lyon, wanda duk labarin aljanu yake ɗauka ƙanzon kurege, yau ga ni a kan matakala saboda su.

Kakanmu tafintan kumandan ne a Damagaram zamanin Faransa. Da Bature mai awon ƙasa ya zo, Kaka ya yi wayo, ya sa aka rubuta gandun gidanmu kaf da sunansa, har da kusurwar tsamiya wadda fartanya ba ta taɓa shiga ba. Kowa ya san kusurwar nan ta masu wurin ce. Don ya lallashe su, ya ɗebi ƙasar gindin tsamiyar ya ɗinke a jakar fata, ya yi alkawari babban ɗa ne zai riƙa gadonta tare da takarda, kuma ba za a zubar da ita a ko'ina ba. Daga Kaka sai Baba, wanda ya zo da ita Faransa cikin akwatin kwano. Baba ya rasu bara, ni ne babba.

Ƙanena Issa, da ke Sevran kusa da Paris, ya samo mai sayen gonar, ya dame ni da waya in aiko takarda. Na sauka na buɗe akwatin, na ɗauki takardar. Na ga jakar ta bushe ta tsage, sai na zazzage ƙasar a daɓen siminti, na jefa fatar a shara. Haka kawai, don ta ɓata mini hannu.

Kwana uku bayan nan 'yata Salwa ta daina cin abinci. Shekararta shida, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Amma da yammacin Larabar nan ta dube ni ta ce, da muryar da ba tata ba, "An zubda mu bisa dutsi. Muna jin ɗari."

Na kira ƙanwar Baba, Gwaggo A'i, a Montreuil. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Kai, Mu'awiya, mi ka yi? Tahi yanzu ka kwashe ta, kar ka bar ko ƙwara guda. In sun tambayi wa ya gada, ka hwaɗi gaskiya. Wanda aka ambata shi za su riƙe, su saki ɗiyar."

"Su riƙe shi ƙaƙa, Gwaggo?"

 "Da jakar na nan a ɗinke, riƙon da sauƙi. Yanzu ban sani ba."

Fitilar ƙarƙashin benen irin mai kashe kanta ce bayan minti biyu. Na danna, ta kama da ɗan zuzu. Dogon lungu ne, ƙofofin katako dama da hagu, warin danshi da tsohon kwali. Tamu ce ta ƙarshe. Na buɗe kwaɗo na durƙusa.

Ƙasar da na zubar ba ta cika tafin hannu biyu ba. Yanzu ta rufe daɓen gaba ɗaya, ja, mai laushi. Na taɓa ta na ji ɗumi, kamar rana ta yini a kanta.

Na fara shara. Ina cika leda, daɓen bai ragu ba.

Fitila ta mutu.

Cikin duhun, warin danshi ya ɓace. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, na ƙasa in ruwan fari ya sauka, gauraye da tsamin 'ya'yan tsamiya. Sau ɗaya na taɓa jin sa, ina yaro, a Damagaram.

Sai na ji sara. Kaf. Kaf. Wani yana noma a can bakin lungu, tsakanina da matakala.

"Wane ne?" na ce da Faransanci. Muryata ta fito siririya.

Saran ya tsaya. Ya sake tashi, kusa.

Na lalubo wayata, ta ƙi kunnuwa. Na buɗe baki zan yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Ganyaye suka faɗo mini a wuya, ƙanana, masu yawa, a wurin da ko taga babu.

Wani abu ya tsuguna a bayana. Na ji ƙarar gwiwoyinsa, ba biyu ba. Numfashinsa mai zafi yana busa mini ƙeya.

"Tafinta ya rubuce mu," aka raɗa. "Ɗansa ya ɗauko mu. Wa ya gada?"

Na tuna Salwa. Na tuna maganar Gwaggo. Wallahi na yi niyyar faɗin gaskiya, sunana yana kan harshena.

Hannu ya sauka a kafaɗata, busasshe, mai kaushi kamar ɓawon itace. Yatsun suka zagaye wuyana har suka haɗu.

"Wa ya gada?"

"Issa," na ce. "Issa ne."



Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Na tashi a guje, na bugi ƙofa, na faɗi, na rarrafa har ƙafata ta sami matakala. Ban waiwaya ba. Na fito haraba ina haki, wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana riƙe da burodi tana kallona kamar mahaukaci.

Da na shiga gida na tarar da Salwa a kicin tana cin taliya, tana yi wa uwarta surutu da Faransanci. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Washegari na sauka da rana tsaka, daɓen fes, ko ledar babu.

A magaribar Larabar nan aka tsinci Issa a filin ajiye motoci na unguwarsu, ba takalmi, yana tonon kwalta da farce har yatsunsa suka fashe. Wata takwas ke nan yana asibitin masu taɓin hankali a gefen Paris. Maganar sayar da gona ta mutu. Gwaggo ta daina ɗaga wayata, ban kuma tambaye ta dalili ba.

Duk ƙarshen wata nakan hau jirgin ƙasa in je duba shi. Ba ya gane matarsa Sahadatou, ba ya gane 'ya'yansa biyu. Ni kaɗai yake ganewa. Lahadin da ta wuce ina ba shi kunu a baki, Sahadatou tana gefe tana yi mini godiyar zumunci, sai ya riƙe hannuna a hankali, kamar yadda yake yi muna yara in za mu tsallaka titi.

"Yaya," ya ce, "sun ce kai ka ba su sunana. Na ce musu ƙarya suke."